Jiniyar Kakuri: Aiki, Albashi da Talauci a Kaduna ta Kudu

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa. Da muka buɗe shi bayan addu'ar bakwai, ba mu tarar da kuɗi ko takardar fili ba. Abin da ke ciki shi ne katin shaidarsa na ma'aikacin masaƙa, da katin ƙungiyar ƙwadago, da takardun albashi na shekara ashirin da 'yan kai, ya ɗaure su shekara-shekara da zare. A can ƙasa kuma akwai wani ɗan littafin rubutu irin na 'yan firamare, bangonsa ya sha manja. Wannan na mahaifiyarmu ne, a ciki mai kantin layinmu yake rubuta abin da ta karɓa bashi. Daga waɗannan takardu na fara karatun tarihin ƙaramar hukumarmu, kuma su suka sa na tambayi kaina: yaya aka yi mutanen da ba su taɓa zaman kashe wando ba suka wayi gari cikin talauci?

Ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu tana da hedikwatarta a Makera, kuma kogin Kaduna ya ratsa ta. Tudun Wada da Tudun Nupawa da Unguwar Sanusi da Badikko suna tsallaken arewa, Kakuri da Makera da Barnawa suna tsallaken kudu. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da dubu ɗari huɗu. Mafi yawansu ba noma ne ya kawo kakanninsu ko iyayensu nan ba, neman aiki ne. Ita kanta Kaduna haka aka kafa ta. A 1917 Gwamna Lugga ya ɗauko hedikwatar Arewa daga Zungeru ya dasa ta a bakin kogin, inda jirgin ƙasa ya riga ya iso. Soja da akawu da leburan layin dogo suna cikin mazaunanta na farko. Gari ne da aka gina a kan albashi tun daga tushe.

Saƙa kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya iske tufafin da aka saƙa aka rina a can suna ƙetare Sahara. Da Turawan mulki suka zo, sai suka juya akalar auduga. Ana gurzarta a Zariya da Funtuwa da Gusau, a loda wa jirgin ƙasa, a kai ta masaƙun Lankasha a Ingila, ta dawo mana yadi mu saya da tsada. Wannan ne gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta nemi ta warware. Ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Ingila aka kafa Kaduna Textiles, wato KTL, wadda ta fara aiki a Kakuri a 1957. Cikin shekarun 1960 wasu suka biyo baya: Nortex, da Arewa Textiles mai jarin Japanawa, da United Nigerian Textiles, wato UNTL, ta 'yan kasuwar Hong Kong. A gefensu akwai masana'antar makamai ta soja da aka kafa a 1964, daga baya kuma kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975. Har ta kai ana kwatanta Kaduna da birnin Manchesta, kuma a faɗin Nijeriya babu masana'antar da ta kai masaƙa ɗaukar ma'aikata.

Mahaifina yana cikin samarin da wannan labari ya janyo. Ya baro ƙauyensu a ƙasar Zazzau da takardar gama firamare, ya yi ta sintiri a bakin ƙofar ɗaya daga cikin masaƙun har aka ɗauke shi a sashen saƙa. Mu da muka tashi a Makera ba mu san agogo ba, jiniya muka sani. Masaƙa ba ta barci, an raba ma'aikata kashi uku: na safe, na rana, na dare. In aka busa jiniyar canji sai titi ya cika maƙil da kekuna, masu fita kansu fari fat da ƙurar auduga, masu shiga suna sauri kada a rufe ƙofa. Da jiniya mahaifiyarmu take ɗora tukunya, da ita muke tafiya makarantar allo.

Wanda yake son ya gane abin da masaƙa take nufi ga unguwa, kada ya tsaya ga ƙirga waɗanda ke ciki. A bakin ƙofa akwai masu tuwo da masu shayi da masu gyaran keke. A cikin unguwa akwai masu gidajen haya, da teloli, da masu wanki da guga, da mahauta. A can nesa akwai manomin auduga a Malumfashi ko Funtuwa, da direban da ke ɗauko ta, da ɗan kasuwar Kantin Kwari a Kano mai sarin atamfa. Akwai kuma tsofaffi a ƙauyukan Zazzau da Kagoro da ƙasar Tibi da ta Igala, waɗanda ake aika wa kuɗin taki da na Sallah ko Kirsimeti. Albashin mutum ɗaya yakan shiga hannu goma kafin ya huta.

Amma abin da littafin mahaifiyata ya koya mini ya wuce wannan. A kowane shafi za ka ga jerin kaya: mudun masara, kwalbar manja, sabulu, kananzir, sukari. A ƙarshen kowane wata kuma za ka ga an ja layi an soke jerin duka. Mai kanti ba ɗan'uwanmu ba ne, ba kuma sadaka yake yi ba. Yana ba da kayansa ne domin ya san ranar da za a biya shi. Hausawa suka ce rana ba ta ƙarya, to ranar albashi ita ce jarin talakan Kakuri. Saboda ita mai gida yake haƙuri da ɗan haya, saboda ita mata suke zuba adashe ba tare da fargaba ba, saboda ita uba yake iya cewa a sa ranar auren 'yarsa bayan wata shida. Albashin bai taka kara ya karya ba, sai dai yana da rana, kuma a kan ranar nan unguwa ta kafa rayuwarta.

Kada in yi wa tarihi kwalliyar da bai yi wa kansa ba. Mu takwas ne a ciki da falo. Ƙarar injuna ta taɓa kunnen mahaifina, har ya rasu sai an ɗaga murya yake ji. Ƙurar auduga ta bar wa abokansa da dama tarin da ba ya warkewa. Ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya faranta wa mutane na 'yan watanni, kafin tsadar kaya ta lashe shi. Abin da ma'aikata suka samu kuwa, da gwagwarmaya suka same shi. A 1978 aka haɗe ƙananan ƙungiyoyinsu aka kafa ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki ta ƙasa, mai hedikwata a Kaduna, wadda Adams Oshiomhole, shi ma tsohon ma'aikacin masaƙa a garin, ya daɗe yana riƙe da sakatariyarta. A watan Mayu na 1981 ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa ta kira yajin aikin gama-gari, wanda ya kai ga dokar mafi ƙarancin albashi na naira 125 a wata. A lokacin naira ta fi dala daraja, don haka kuɗin nan sun kai kimanin dala 200.

Takardun albashin mahaifina na shekarun da suka biyo baya suna da wani abin mamaki. Adadin kuɗin da aka rubuta yana hawa shekara bayan shekara, amma jerin bashin mahaifiyata shi ma yana ƙara tsawo, nama yana ɓacewa daga cikinsa, garin rogo yana maye gurbin shinkafa. Dalilin yana cikin tarihin ƙasar. Farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, kuɗin waje suka yi wuya. Masaƙun da suka dogara da ƙasashen waje wajen rini da kayan gyara, wasu lokuta har da audugar kanta, suka koma rabin aiki, aka fara sallamar mutane. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP. Aka saki naira ta yi ta zubewa, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Manomin da ya saba da tabbataccen mai saye da ingantaccen iri ya rasa su, da yawa suka koma masara.

Daga nan matsalolin suka yi ta ɗorawa juna. Wutar lantarki ba ta tsayawa, dole masaƙa ta kunna janareta. Baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi tsada, wani lokaci ma ba a samu, ga matatar mai nan kusa da mu tun 1980. Injunan wasu masaƙun sun tsufa ba a sabunta su ba. Ana cikin haka Nijeriya ta zama mamba a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka kuma ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. Ko da aka maido da haramcin daga baya, bai hana komai ba, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Atamfar da aka buga a Sin tana sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta biyo ta Nijar, ta ƙetaro iyaka ta hanyar fasa-ƙwauri, wata ma da kwaikwayon zane da tambarin ta gida. A farkon 2005 yarjejeniyar duniya da ta daɗe tana ƙayyade cinikin tufafi ta ƙare, kayan Asiya suka mamaye kasuwanni. Ba zan zargi matar da ta sayi mai araha ba. Mahaifiyata ma ta saya, domin abin da albashin mijinta zai iya ke nan.

Akwai kuma wani rauni da ba na kasuwa ba. Rikicin watan Fabrairu na 2000 da na Nuwamba na 2002 sun ci rayuka masu yawa, sun kuma raba garin gida biyu. Musulmi da dama suka koma tsallaken arewa, Kiristoci da dama suka koma can kudu. Mu mun zauna a Makera, amma maƙwabcinmu, wani mutumin Kagoro da ya yi shekara goma sha biyar yana aiki a layin inji ɗaya da mahaifina, ya kwashe iyalinsa ya koma Sabon Tasha. Mai gida ya rasa 'yan haya, mai tuwo ta rasa rabin masu saye. Cikin masaƙa ne kaɗai su biyun suka ci gaba da haɗuwa, su ci abinci a kwano ɗaya kamar da. Wannan ma bai daɗe ba. KTL ta tsaya a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, har UNTL, wadda ta fi su girma, ta rufe a 2007.

Ina tuna safiyar da abin ya iso gidanmu. Mahaifina ya fita da kekensa kamar kullum, kafin hantsi sai ga shi ya dawo. Mahaifiyarmu tana tankaɗe, ta ɗago kai ta ce, "Malam, lafiya? Yau ban ji an busa ba." Ya jingine keken, ya ce, "Ba a busa ba. An sa kwaɗo." Bai ƙara ko kalma ba. An ce musu hutun ɗan lokaci ne, an ce za a biya su haƙƙinsu na sallama. Shekara da shekaru yana zuwa bakin ƙofar nan, su zauna a inuwa da tsofaffin abokan aiki, su rubuta sunayensu a takarda, su ƙirga waɗanda suka rasu tun haɗuwar baya. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai ga kuɗin ba. Dokar fansho ta 2004, wadda ta sa a riƙa tara wa ma'aikaci kuɗinsa a asusun da ba na kamfani ba, ta zo ne bayan irin su sun gama ba da ƙarfinsu.

Wata uku bayan an sa kwaɗon, mai kanti ya tsayar da littafin. Ina tsaye a bayan mahaifiyata lokacin da ya ce mata, "Uwargida, wallahi ba ƙin ku na yi ba. Da can na san ranar da zan ga kuɗina. Yanzu fa, ran nawa ga wata?" Ba ta da amsa. Ta karɓi littafin, ta ƙulle shi a bakin zaninta. Shafin ƙarshe shi ne kaɗai ba a ja masa layi ba.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, babu wanda ya zauna a gidanmu. Mahaifina ya zama mai gadin dare a wani shago. Mahaifiyarmu ta kafa kaskon ƙosai da asuba, da yamma ta yi wankau. Yayana ya bar makaranta ya hau acaɓa, har aka hana ta a cikin birni a 2014, ya koma keke mai ƙafa uku wadda ba tasa ba, kullum sai ya kai wa mai ita balas kafin ya san ko ya samu na cefane. Ƙanwata ta koyi ɗinki, tana ɗinka atamfar Sin a ɗakin da a da wani masaƙi yake haya. Wani ɗan'uwanmu yana gwanjon tufafin Turai a Kasuwar Barci da ke Tudun Wada. In aka haɗa awannin da gidanmu yake aiki, sun ninka na zamanin masaƙa. Sai dai abin da ake samu na yau ne kawai. Ranar da aka yi ruwa babu ciniki, ranar da zazzaɓi ya kama mutum babu abinci, kuma babu wanda zai ba ka bashi a kan gobe da kai ma ba ka san ta ba.

Da na je ga alƙaluman hukuma sai na ga su ma suna fama da wannan gaskiya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aikin yi sun kai kashi 33.3 cikin ɗari. A farkon 2023 ta ce kashi 4.1 ne. Ba masana'antu aka buɗe a tsakani ba, ma'aunin aka sauya: duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya cikin mako, an ƙirga shi mai aiki. Da wannan ma'auni kowa a gidanmu yana da aiki. Ita dai hukumar ce ta nuna cewa fiye da kashi 90 na masu aikin suna sana'o'in da ba su da rajista ko takardar albashi. Ita ce ta ce a 2019 kashi 40.1 na 'yan ƙasa suna rayuwa a ƙasa da naira 137,430 a shekara, wato abin da bai kai naira 400 a rana ba. A 2022 kuma, da ta auna talauci ta fuskar ilimi da lafiya da muhalli da aiki, ta sami mutum miliyan 133. Ko wanda ya dace da albashi a yau bai kai matsayin iyayensa ba. Mafi ƙarancin albashi ya tashi zuwa naira 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019, da 70,000 a 2024, amma wannan na ƙarshe bai cika dala 50 ba a lokacin da aka sa masa hannu.

An yi ƙoƙarin farfaɗo da masaƙun. Gwamnatin tarayya ta ware asusun naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu, UNTL ta sake buɗewa a 2010 da wani ɓangare na ƙarfinta na da. Amma rance kaɗai ba ya kunna inji. Waɗanda suka kafa KTL sun yi tunanin sarƙa ce tun daga gonar auduga har kasuwa, kuma a zamaninmu kowace gaɓa ta sarƙar ta tsinke: iri, wuta, mai, iyaka. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, na sani, kuma ba ina cewa sai an maido da 1975 ba. Ina cewa ne duk wanda zai yi wa mutanen Kaduna ta Kudu shirin yaƙi da talauci, kada ya tambaye su ko suna da aiki, za su ce suna da shi. Ya tambaye su ko sun san abin da zai shigo hannunsu nan da kwana talatin, da abin da zai same su in suka kwanta ciwo, da inda ƙarfin da suka bayar yake taruwa domin ranar tsufa.

Bayan mun rufe akwatin, na ɗauki littafin na nufi kantin layinmu, domin ba a barin mamaci da bashi. Mai kantin ya tsufa, ɗansa ne ke awo, shi yana zaune a kan benci. Ya juya shafukan a hankali har ya kai na ƙarshe. Kuɗin da suka hana gidanmu barci a wancan lokaci, yau ba za su cika cefanen kwana biyu ba. Ya ce, "Ɗana, ai na yafe tun tuni." Na ce, "Baba, a taimaka a karɓa, don hankalin mahaifiyarmu ya kwanta." Ya karɓa, ya nemi biro, ya ja layin da hannunsa, ya yi wa mamacin addu'a.

Da na miƙe zan tafi sai ya ce ya ji ina koyarwa. Na ce haka ne, a wata makarantar kuɗi. Ya ce, "Madalla. Ku ran nawa ga wata ake biyan ku?" Na tsaya ina lissafi, domin na watan jiya bai shigo ba tukuna. Ya dube ni, ya girgiza kai, ya miƙo mini littafin.